Karin Waƙa a Kunne Yake, Ba a Allo Ba
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai, a Sakkwato)



An nemi in yi magana a kan ire-iren waƙoƙin Hausa da yadda ake auna karinsu. To, magana ce mai faɗi, kuma a gaban malaman da suka koya mana ita nake tsaye, saboda haka zan taƙaita a kan abin da ya fi shafar mu mutanen Sakkwato.

Waƙar Hausa dai gida biyu ce, akwai ta baka, akwai rubutacciya. Ta baka ba sai an gabatar da ita ga Basakkwace ba, domin ƙasar nan ce ta haifi Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan Anace. Tsarinta shi ne jagora da 'yan amshi, da gindin waƙa wanda ake komowa gare shi bayan kowane ɗa. Ɗan waƙa yana iya yin tsawo, yana iya gajarta, kiɗa ne ke riƙe da ma'auni, ko kotso ne ko taushi ko kalangu.

Rubutacciya kuwa ba ta da makaɗi, don haka dole ta ɗauki ma'auninta a cikin kalmominta. Ana rarraba ta bisa yawan ɗangwayen da ke cikin baiti. Mai ɗango ɗaya ita ce gwauruwa, mai biyu 'yar tagwai, sai 'yar uku da 'yar huɗu da 'yar biyar, irin Imfiraji ta Aliyu Namangi. Akwai kuma tahamisi, wato mawaƙi ya ɗauki 'yar tagwai ta wani, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, ta koma 'yar biyar, ba tare da ya saɓa wa kari ko ma'anar mai ita ba. Wannan aiki ya fi ƙirƙirar sabuwa wuya, kamar a ce ka ƙara ɗaki a gidan wani, baƙo ya shigo ya kasa gane inda aka yi haɗi. Tabbat Haƙiƙa ita ce misalin da muka fi sani: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulfulde, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Amsa-amo kuma iri biyu ne, babba wanda ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshe, da ƙarami wanda ke cikin baiti, yana sauyawa daga wannan baiti zuwa wancan.

Yanzu bari mu zo ga kari, inda ɗalibai ke gudu.

Tushen abin duka gaɓa ce, kuma iri biyu ce kawai. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da". Akwai mai nauyi, wato baƙi da dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "kai", ko wadda baƙi ya rufe kamar "can". Idan an jera gaɓoɓi bisa wani tsari sai a sami ƙafa, idan an jera ƙafafuwa sai a sami bahari. Halilu ɗan Ahmadu, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ne ya tsara wannan ilimi na aruli ga waƙoƙin Larabawa, ya fitar da bahari 15, daga baya Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Larabci da Hausa sun yi tarayya wajen bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa malamanmu na jihadi suka ɗora waƙar Hausa a kan waɗannan baharori ta zauna daram. Farfesa M.K.M. Galadanci ya kira abin aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa, a wata maƙala tasa ta 1975.

Sunayen ƙafafuwan ne ke tsorata yara, alhali kullum suna furta su ba su sani ba. Ku ce "amarya". Marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, fa'ulun ke nan. Ku ce "almajiri", kun faɗi mustaf'ilun. "Malamin nan" fa'ilatun ne. "Ƙaramin gida" mutafa'ilun ne, ƙafar baharin Kamil. To, ku gwada "ƙaramin gida" da "babban gida" kuna tafawa. Lokaci ɗaya suke ci, domin "ƙa-ra" guda biyu marasa nauyi daidai suke da "bab" guda ɗaya mai nauyi. Irin wannan sauyi da aka yarda da shi a cikin ƙafa shi ake kira zihafi. Ga ɗango na shirya domin wannan zama, ba don daɗinsa ba: "Amarya tana can gidansu da safe." Ku yanka shi, a-mar-ya, ta-na-can, gi-dan-su, da-sa-fe. Fa'ulun huɗu, Mutaƙarab ke nan. Ƙafa ta uku ta ƙare da gaɓa marar nauyi, wannan zihafi ne. Ta ƙarshen ɗango kuwa, ko marar nauyi ce, mai nauyi ake ɗaukarta, don a nan mai rerawa ke jan murya.

A nan ne matsalar take, kuma ita ta sa na karɓi wannan gayyata. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, amma na farko ya fara da gaɓa marar nauyi, na biyu da mai nauyi. Ajami yana da alif da wawu da ya na nuna jan wasali, boko ba shi da su. A Jamhuriyar Nijar an taɓa ninka wasali a rubuce bayan taron Bamako na 1966, daga baya aka bari. Saboda haka yaron da aka ba shi waƙa a takarda, aka ce ya fitar da karinta da ido, an ba shi aikin da ba ya yiwuwa. Sai ya haddace alamomi kamar lissafi, ya zuba a jarrabawa, ya fita yana ƙin waƙa.

Mu Sakkwatawa abin ya fi taɓa mu, domin da harshenmu aka yi mafi yawan waƙoƙin ƙarni na 19. Mu muna cewa "sunka", daidaitacciyar Hausa tana cewa "suka". Na farko ya fara da gaɓa mai nauyi, na biyu da marar nauyi. Muna cewa "wanda yat tafi", ana rubuta "wanda ya tafi", nan ma nauyi ya zube. Muna cewa "ɗiya", gaɓa biyu, ana mayar da ita "'ya", gaɓa ɗaya. Duk mai juyar da waƙar ajami zuwa boko da ya ce zai gyara wa mawaƙi Hausa, to, ya karya masa ƙafa, sa'an nan wani ya zo ya auna ya ce magabata ba su iya kari ba. Ba duk sauyi ke ɓarna ba, "zamna" da "zauna" nauyinsu ɗaya, haka "shina" da "yana". Amma wanda bai san gaɓa ba, ina zai gane wanne ne wanne?

Magabatanmu da kunne suka koyar. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajoji take koya wa waƙa a nan Sakkwato, su haddace, su koma ƙauyuka su rera wa 'yan taru. Kari ne ke tsare musu kalmomi, domin idan kalma ta faɗi a hanya, murya za ta yi tuntuɓe a wurin. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, yana malamin makaranta, ya bi wannan sawu a 1948 da Waƙar Nijeriya, ya zuba labarin ƙasa da tarihi a cikin baitoci don yara su riƙe. Har masanan waje ma haka suka gano. Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, da abokin aikinsa Bruce Hayes, da suka yi nazarin baharin Rajaz na Hausa wanda aka buga a 2019, ba su tsaya ga takarda ba, sai da suka auna muryoyin masu rerawa.

Ban ce a jefar da aruli ba, ko kusa. Amma a ganina an juya tsarin. A fara rera wa yaro waƙa, ya tafa, ya ji inda ƙafa ke sauka, sa'an nan a gaya masa sunan abin da ya ji.

Roƙona ga ƙungiya guda biyu ne, kuma ba su kai kuɗin fentin aji ɗaya ba. Na farko, a cikin garin nan akwai tsofaffi maza da mata masu rera waƙoƙin Shehu da na Asma'u da muryar da suka gada, a naɗi muryoyinsu, a ajiye a ɗakin karatun makarantarmu, a ba malaman Hausa. Sashen nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana kusa, mu nemi shawararsu a kan waɗanda suka dace a fara da su. Na biyu, gasar rubuta waƙa da wasu ke ba da shawarar mu ɗauki nauyinta, a sa mata sharaɗi cewa duk ɗalibin da ya rubuta, shi zai tashi ya rera abinsa a gaban alƙalai.