Maganar Yaranmu Da Karnukan Gadi: Jawabin Iyayen Ƙungiyar Matasa A Taron Jama'ar Sabo, Badun



Mai martaba Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyaye maza da mata, da 'ya'yanmu da ke tsaye can baya, barkanku da zuwa. Mu da aka ɗora wa nauyin sa ido a kan ƙungiyar matasan unguwar nan 'yan kasuwa ne, ɗan abin da muka sani a Islamiyya muka samo shi. Saboda haka inda maganarmu ta taɓa hukunci, ga malamai nan zaune.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. Tun da yaran nan suka fara horon karnuka, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu, wasu kuma suka ce ba su ƙara ba da ko kwabo a asusun ƙungiya. Har mun ji an ce wai mun bar 'ya'yan Musulmi suna kwana da ƙazanta. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara mu faɗi komai a gaban kowa.

Da farko a tuna abin da yaran nan suke yi tun kafin maganar kare ta taso. Su ne ke yashe kwatoci kafin damina ta sauka. Su ne ke share maƙabarta, su ne ke tsare sahu da takalman jama'a ranar Idi. Suna da karatun dare, inda manyansu ke koya wa ƙanana lissafi da haddar izu. Ƙwallo ma suna bugawa da yaran Mokola, a tashi lafiya. Ba mu taɓa jin wanda ya yi ƙorafi da waɗannan ba.

Shi kuwa kare, buƙata ce ta kawo shi. Duk mai rumfa ko sito ya san yadda ake wayar gari a tarar an fasa kwado, an ɗauke buhun wake ko huhun goro. Masu dabbobi a kara sun fi mu sanin ciwon abin. Maigadi ɗan Adam ne, barci na ɗaukarsa, kuma ba kowane ƙaramin ɗan kasuwa ke iya biyan albashinsa ba. Sa'an nan ga karnuka nan birjik suna yawo a bayan unguwa, ba mai su, ba allura, suna bin yara. Yaran suka zo mana da shawara, suka ce maimakon a yi ta jifar karen da ba a san lafiyarsa ba, a bar su su reni 'yan kwikwiyo, a yi musu allura, a hore su gadi. Ba mu amsa musu nan take ba, sai da muka je wajen malamai.

Ga abin da muka taras. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah ya halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, watau shi horon kansa sananne ne a shari'a. Hadisi ingantacce ya nuna wanda ya ajiye kare haka kawai ladansa na raguwa kullum, amma an togace karen farauta da na kiwo da na gona. Littafin Risala da yawancinmu muka karanta a zaure, shi ma a kan haka ya tafi, ya hana ajiye kare a gida don sha'awa. To, gadin dukiya fa? Malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa da gadin gona da na dabbobi. Masu sharhi ma sun ruwaito cewa shi kansa mai Risala, Shehu Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a lokacin tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Game da tsarki kuwa, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai don bin umurni. Mun san akwai 'yan'uwa masu bin fatawar da ta fi wannan tsanani, ba mu kuma raina su ba. Don haka ne muka gindaya sharuɗɗan da za su kwantar wa kowa da hankali.

Kare ba zai shiga ɗakin kowa ba, ba zai kusanci masallaci ko wurin alwala ba. Akurkinsa a bayan sito yake, kwanonsa daban. Yaron da ya yi aiki da shi zai wanke hannu da sabulu, ya sake riga kafin salla. Ba a sayar da ɗan kwikwiyo, domin akwai hani a kan kuɗin kare, ko a kan wanda aka yarda a ajiye ma malamai sun yi saɓani, mu kuwa ba mu son jefa yara cikin shubuha. Da rana a ɗaure yake, sai an rufe kasuwa ake kai shi bakin aiki, kuma da igiya a hannun mai shi.

Jama'a, da za ku zo ku ga yadda ake horon nan, da kun sha mamaki. Ana farawa tun kwikwiyo yana wata biyu zuwa uku. Darasi ba ya wuce minti goma, domin in ya yi tsawo dabbar ta gaji, ba ta ɗaukar komai. Kowane umurni kalma ɗaya ce ba a sake ta: zo, zauna, tsaya, bari. In ya yi daidai, a take ake miƙa masa ɗan tsokar nama. In aka yi jinkiri ko kaɗan, ba zai gane abin da aka yaba masa ba. Ba a duka. Karen da aka rena da sanda, ko dai ya zama matsoraci ko ya zama mai cizon kowa, duk biyun kuwa ba su da amfani a bakin sito. Kalmar da ta fi wuya ita ce bari, watau ya saki abin da ya riƙe ko ya daina haushi da zarar an faɗa. Wannan takan ci makonni. Mun ga yaran da a gida ba a iya aiken su sau biyu ba su yi tsaki ba, ga su suna maimaita abu ɗaya har la'asar ta yi sanyi, ba fushi. Mu dai ba mu san wata makaranta da ta koya musu haƙuri da sauri haka ba.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce ta fi tsorata mu. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk karen ƙungiya ana kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa rigakafi da ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, katin kuma yana hannun magatakarda, kowa na iya cewa a nuna masa. Iyaye mata, ku riƙe wannan: in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, kowane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya shafe-shafen gida, kada a jira a ga abin da zai faru.

Ƙorafi na biyu shi ne wai mun miƙa shugabanci da littafin kuɗi ga yaran da gemu bai fito musu ba. Haka ne, kuma da gangan muka yi. Shin mu yaya aka rene mu? Maigida kan fara ba yaro ƙwaryar goro ɗaya ya sayar. In ya kawo ciniki cif, a ƙara masa. Wata rana sai a tura shi Shagamu shi kaɗai da kuɗin huhu goma a lalita. Da haka aka yi manyan fataken da suka riƙe Sabo tun da aka kafa ta a 1916. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Usama ɗan Zaidu jagorancin runduna yana matashi ƙwarai, alhali cikinta akwai manyan sahabbai. Mu kuma muna tsoron ba ɗan shekara 17 ajiyar kuɗin tsintsiya da shebur?

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu faɗa wa junanmu. Yaran nan a nan aka haife su, sun fi mu jin Yarabanci, sun san 'ya'yan maƙwabtanmu da sunayensu. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021 daga 'yar gardama ya faro, kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje. A irin wannan sa'a, kafin labari ya kai fada, matasan da ke wurin su ke hura wutar ko su kashe ta. Yaron da ya saba jagorantar taro, ya saba a musa masa ya haɗiye, ya saba amsa tambaya a kan amana, shi muke so ya kasance a tsaye a wurin. Daɗin daɗawa, maganar karen ma ta shafi zaman maƙwabtaka, domin ranar da karenmu ya ciji ɗan wani, ba za a ce karen wane ba ne, karen Hausawa za a ce. Shi ya sa ba mu sassauta dokar igiya.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Wanda ya janye ɗansa saboda kare, ya mayar da shi sauran ayyukan. Ba a tilasta wa kowa taɓa dabba. Masu sito da za su amfana da gadin su ɗauki nauyin abinci da allura. Mahautanmu, Allah ya saka muku, ku ci gaba da tara musu ƙashi da tarkacen nama. Ma'ajin yaran zai karanta lissafin shiga da fita yanzu da bakinsa, duk mai tambaya ya yi masa kai tsaye, kada a biyo ta kanmu. Bayansa kuma mai girma Liman zai yi bayani a kan hukuncin.

Wassalamu alaikum.