Tsirkiya Ɗaya: Ɗan Maraya Jos da Waƙar Talaka

 

An nemi in yi magana a nan Agiye a kan mawaƙin da ya daɗe yana sana'a da abin kiɗansa a hannu, shi ke tsara waƙarsa, shi ke kaɗawa, shi ke rerawa. Na zaɓi Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos. Wani zai ce ai mutumin Najeriya ne, me ya haɗa shi da jahar Maraɗi? Duk wanda ya yi wayo a nan cikin shekarun 1970 da 1980 ya san amsa. Mun ji shi a rediyon Kaduna, mun ji shi a kaset ɗin da fatake ke shigowa da shi ta Jibiya da Ɗan Isa, mun ji shi a teburin mai shayi da cikin motar kasuwa. Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata ba ta hana muryarsa zama ta gida ba.

Magana guda nake so in kafa a yau. Ƙanƙantar kuntigin Ɗan Maraya ita ce ta ba shi damar yi wa talaka waƙa, ita ce kuma ta riƙe shi a fage kusan shekara hamsin.

An haife shi a 1946 a Bukuru, kusa da Jos. Bukuru garin kuza ne. Haƙar ma'adinin nan ta tara mutane daga ko'ina a kan tsaunin Filato, Hausawa da Barebari da Yarbawa da Ibo, ga kuma Birom masu ƙasa. A lokacin yaƙin duniya na biyu har tilasta wa mutane aka yi, aka kwaso su daga lardunan arewa domin aikin kuza. Saboda haka yaron ya buɗe ido a cikin lebura da 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci a bakin rami, mutanen da suka bar garuruwansu suna neman na kai. Mahaifinsa makaɗi ne a gidan Sarkin Hausawan Bukuru. Iyayen suka rasu yana ƙarami, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi har kabari. Tun bai balaga ba ya yi tafiya Maiduguri, ya ga masu kiɗan kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa.

Domin a gane girman abin da ya yi, sai mun tuna yadda sana'ar waƙa take a ƙasar Hausa. Ku da ke kusa da fadar Sarkin Gobir a Tibiri da ta Sarkin Katsina a Maraɗi kun san tsarin. Makaɗin fada yana da ubangida. Yana da mataimaka masu kotso ko taushi, yana da 'yan amshi, yana da sanƙira mai yi masa ɓaɓatu. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Musa Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna da manyan ƙasa. Mamman Shata bai ɗaure kansa a fada guda ba, amma shi ma da tawagarsa ta masu kalangu da 'yan amshi yake tafiya. Wannan jama'a duka tana cin abinci, tana son riga da Sallah, tana da iyali. Wa zai ɗauki nauyinta? Sai sarki, sai attajiri. Hausawa kuwa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban faɗi haka don rage darajar waɗannan gwanaye ba, Hausar da ke bakin Narambaɗa har gobe ana karatun digiri a kanta. Abin da nake nufi shi ne yawan tawaga yana da hannu wajen zaɓen wanda za a yi wa waƙa.

To ku dubi kuntigi. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, irin wanda ake yarwa bayan an cinye abin ciki. A rufe bakinsa da fatar akuya a ɗaure tamau, a soka siririyar sanda ta zama wuya, a ja tsirkiya ɗaya tak daga wannan kai zuwa wancan. Shi ke nan. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba, yana shiga aljihun babbar riga. Muryoyin da yake bayarwa ba su wuce biyar ko shida ba. Mai kaɗa shi yana danna tsirkiyar da yatsun hagu, dama kuma tana bugu da sauri, kiɗa guda yana maimaituwa kamar ba zai canza ba. Amma ku saurari Ɗan Maraya da kunnen basira. Idan ya yi shiru, kuntigin yana tafiya a kan zubinsa na asali. Da ya buɗe baki sai tsirkiyar ta bar wancan zubi ta bi muryarsa, inda ya hau ta hau, inda ya sauka ta sauka, har mutum ya ji kamar kalmomin ne ke fitowa daga cikin gwangwanin. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa wannan dabara take zama daram. Idan ya kai ƙarshen ɗiya, kuntigin ya karɓa. Aikin da mutum biyar ke yi wa wani mawaƙin, tsirkiya ɗaya ke yi masa.

Mutumin da kayan aikinsa ke aljihu, ba ya ciyar da kowa a hanya sai cikinsa, yana iya tsayawa a tasha ya yi waƙa a ba shi sisi da taro ya wuce. Ba ya jiran kyautar doki. Daga nan ne Waƙar Karen Mota ta fito, wadda ita ce ta fara fitar da sunansa, har yau kuma da ita aka fi tuna shi.

Ina so mu ɗan tsaya a kan wannan yaro, karen mota, domin muna ganinsa kullum a kan babbar hanyar da ta ratsa garin nan daga Maraɗi zuwa Damagaram. Shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen kwanciya. Shi ke hawa saman kamyo yana jera buhunan gero da aya da wake, ya ja igiya har ta yanke masa tafin hannu. Idan mota ta tsaya a gangare, shi ke dira da gudu ya cusa weji ƙarƙashin taya. Idan taya ta fashe da tsakar rana, shi ke kwanciya a kan kwalta mai zafi da jak. Idan mota ta kafe a yashi, shi ke haƙa, shi ke turi. Rigarsa baƙa ƙirin da baƙin mai, direba ya zage shi, fasinja ya zage shi, da dare ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kayan mutane. Ko sunan da aka ba shi ya isa ya nuna inda jama'a ta ajiye shi. Wannan ne mutumin da Ɗan Maraya ya ɗauki kayan yabo, irin wanda aka saba shimfiɗa wa 'ya'yan sarauta, ya shimfiɗa masa. Ya kuma san abin da yake faɗi, domin a cikinsu ya tashi. A ganina wannan babban al'amari ne a tarihin waƙar Hausa. Da ma akwai makaɗan sana'a, na manoma da mahauta da maƙera da 'yan dambe, amma waɗancan sana'o'i ne na gado masu sarkinsu da makaɗinsu. Karen mota ɗan zamani ne, ba shi da gadon kirari, ba shi da sarkin da zai biya a yi masa. Haka lebura, shi ma Ɗan Maraya bai manta da shi ba.

Fage na biyu da ya yi fice shi ne zaman aure. A Jawabin Aure ya jero wahalhalun da saki ke jawowa, ya roƙi miji da mata su sasanta. A Auren Dole ya fito fili ya soki iyayen da ke ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so. A Gulma Wuya ya nuna yadda mai kai-kawo da baki ke rusa auren da aka kusa ɗaurawa. Gwanintarsa a nan ita ce yadda yake mai da waƙa wasan kwaikwayo. Yakan ba kowa bakinsa, ka ji mai gulma, ka ji wanda aka kai wa, ka ji yadda magana ke ƙara kauri daga zaure zuwa zaure, alhali mutum ɗaya ne zaune da gwangwani. Iyayena mata da ke nan, kun fi ni sanin cewa batun auren dole bai zama tarihi ba a ƙauyukanmu. Jahar Maraɗi tana cikin wuraren da aka fi aurar da 'yan mata da ƙuruciya a Nijar. Tun kafin ƙungiyoyi su fara zuwa da motoci da lasifika, wani maraya ya riga ya faɗi maganar da Hausar da kaka da jika za su gane, ba tare da ya zagi kowa ba. Akwai kuma waƙoƙinsa na nazarin rayuwa, irin su Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali da Mai Akwai da Babu.

Ya yi yabon manya shi ma, kamar yadda sana'ar ta gada. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi na ƙarfafa zuciya. Amma idan aka tambayi mutum goma a kasuwa waƙar Ɗan Maraya da suke tunawa, ta karen mota da ta aure za su ambata.

Ɗalibai sukan tambaya ko akwai dangantaka tsakanin irin wannan kiɗa da buluz na baƙaƙen Amurka, wanda shi ma asalinsa mutum ɗaya ne da jita yana ba da labarin wahala da tafiya da soyayya. Masana sun daɗe a kan tambayar. Paul Oliver, Baturen Ingila, ya rubuta a 1970 cewa tushen buluz ya fi kusa da masu kayan tsirkiya na yankin Sahel fiye da masu ganguna na bakin teku. Gerhard Kubik ya faɗaɗa maganar a 1999, har ya kawo misali da kiɗan goge na Bahaushe. A kudancin ƙasar Amurka ma yara kan ja waya ɗaya a jikin katako su koyi kiɗa da ita kafin su sami jita. Ali Farka Toure na Mali da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, daga baya duniya ta kira shi sarkin buluz na hamada. Ni dai ba na son mu auna Ɗan Maraya da ma'aunin buluz na Amurka kafin mu yarda da darajarsa. Kamancin yana nan, kunne yana jin sa, kuma yana da kyau ɗalibi ya san cewa abin da ake kaɗawa a ƙofar gidansu yana da 'yan'uwa a hayin teku.

Zamani ya juya a gabansa sau da yawa. Ya fara a zamanin faifan garmaho da rediyo, ya ratsa zamanin kaset, ya ga zuwan finafinan Kano a shekarun 1990 da waƙoƙin fiyano da suka mamaye kunnen matasa, ya kai har lokacin da ake tura waƙa daga waya zuwa waya. Bai sauya kuntigi da komai ba, bai ɗauki 'yan amshi ba. Tawagogi da yawa sun watse da ubangida ya mutu ko kuɗi suka janye, shi kuwa babu abin da zai watse masa. Ya kai kuntigi ƙasashen waje, gwamnatin Najeriya ta ba shi lambobin girma, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, aka koma kiransa Dokta. A Jos ya zauna, har cikin shekarun da rikici ya raba unguwannin garin daga 2001, a can kuma Allah ya karɓi ransa ranar 20 ga Yuni, 2015, yana gab da shekara saba'in. Allah ya jiƙansa.

Mu ma a wannan gefe muna da wanda ya bi irin wannan hanya. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a jahar Damagaram, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurumi, yana waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wurin wani dattijo, Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, a lokacin da dattijon ne kaɗai ya rage da ya iya shi. Ba da daɗewa ba dattijon ya rasu. Barka ya fitar da faifan biram a Ingila a 2009, shi ma ya rasu a Yamai a 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru kaɗan, da biram ya tafi da mai shi.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da nake da shi ga magadan gari da gidajen rediyon karkara da malaman makarantu na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. A kasuwanninmu har yanzu akwai masu gurmi da molo da kukuma da goge, mafi yawansu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma kabu-kabu ko sun tafi ci-rani. Ɗan Maraya ya tsira ne domin rediyo ta ɗauki muryarsa tun yana saurayi. Namu ba wanda ya ɗauka. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a zauren nan ta isa ta yi aikin. A je gidan mutum da sallama da ɗan goro, a nemi izininsa, a ɗauki waƙa cikakkiya daga farko har ƙarshe. A tambaye shi wa ya koya masa, ina yake samun fata da tsirkiya, wa aka yi wa waƙar, a wace shekara, shekarar yunwa ce ko ta ƙoshi. A rubuta sunansa da na garinsu da ranar da aka ɗauka, a ajiye kwafi a rediyo, a kai wani sashen da ya dace a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, a kuma mayar wa mai waƙar da nasa, tare da haƙƙinsa idan an sa a iska.

A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.