Abin da Amfilifayar Masallacin Ƙauyenmu Ta Koya Mini

 

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni ma zan yi magana, na san wasunku za su zaci batun aikin gwamnati zan ɗauko, tunda shi nake yi a Dutse. To ba shi ba ne. Waɗanda muka zauna aji ɗaya ba su manta da yaron nan da aka kama ya farke rediyon ɗakin kwana don ya ga mai magana a ciki ba. Halin bai bar ni ba. A jami'a fannin tattalin arziki na karanta, amma duk hutu ina rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a nan Hadejia, ina riƙe masa waya yana narka dalma. A wurinsa na koyi haɗa amfilifaya, wato na'urar da ke karɓar muryar da ta shiga makirfo ta ƙara mata ƙarfi har ta iya girgiza lasifika. Labarin guda ɗaya daga cikin waɗanda na haɗa zan ba ku, da kuskuren da na tafka a kanta, domin kuskuren ya fi aikin ilimantarwa.

Ƙauyen kakannina na wajen uwa yana cikin fadama, gabas da Hadejia. Babu wutar lantarki. A 2018 kawuna, wanda shi ne ladan, ya ce mini muryarsa ta fara gazawa, mutanen bayan gari ba sa jin kiran asuba. Kuɗin sayen amfilifaya irin ta kanti babu. Sai na ce zan haɗa musu wadda za ta yi aiki da batirin mota da ɗan farantin sola.

A nan ne lissafi ya fara shigowa, kuma ina roƙon malaminmu na Fizik, da na hango a sahun gaba, ya gyara mini idan na kauce. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa. Idan aisi ɗaya ce ke tura lasifika mai om 4 da wannan batir, iyakar abin da za a samu na sauti mai tsabta bai wuce wat huɗu da rabi ba, ko da wane ne ya haɗa ta. Dabarar da ake yi ita ce a sa aisi biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, lasifikar tana tsakaninsu. Wannan yana ninka ƙarfin wutar da ke kan lasifika sau biyu, wat kuma ya ninku sau huɗu, a sami kamar 18. Saboda haka duk wanda ya nuna muku ƙaramin akwati mai aiki kai tsaye da batirin mota an rubuta masa wat 2,000 a jiki, ku yi masa murmushi kawai. Rubutu ba ya cin kuɗi.

Na yi amfani da aisi guda biyu masu lamba TDA2003, waɗanda asali don rediyon mota aka ƙera su, masu arha ne kuma duk mai gyara ya san su. Na sa ƙaramar taransista a gaba don ta ɗaga muryar makirfo. Muka ɗaura ƙaho biyu a kan rufin masallaci, kowane mai om 8, aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa suka zama om 4. Daidai abin da na'urar ke so ke nan.

Wani zai ce wat 18 me zai yi wa gari? Ai sirrin yana ga ƙahon. Lasifikar ƙaho tana mayar da wuta sauti fiye da lasifikar akwati nesa ba kusa ba, ta kuma tattara shi ta harba gefe guda. Wat ɗaya a ƙaho mai kyau yakan yi ƙarar da lasifikar ɗaki sai ta sha wat hamsin ko fiye kafin ta yi. Ranar da muka gwada, har masu kamun kifi a bakin ruwa suka ce sun ji. Kawu ya sa mini albarka, na koma Dutse ina jin kaina injiniya.

Bayan shekara ɗaya sai aka aiko cewa mutanen unguwar yamma suna ƙorafi, ƙahonin sun ba su baya. Na je da ƙaho biyu sababbi, na jona su a kan na da, duka huɗun kafaɗa da kafaɗa. Sannan da na ga yadda ƙurar hunturu ta cika cikin na'urar, sai na sa kafinta ya yi mata akwatin katako mai kyau, rufaffe ruf, har da ɗan kwaɗo. Na gwada, kawu ya yi kiran la'asar, sauti ya fita ta kusurwa huɗu, kowa ya yaba.

Jama'a, a wannan yammacin na yi kuskure biyu, kuma babu wanda ya nuna kansa. Na farko, ƙaho huɗu masu om 8 idan aka haɗa su haka, om 2 suke komawa. A tsarin aisi biyu masu turawa da ja, kowace aisi rabin wannan take gani, wato om 1, alhali takardar masu ƙera ta ta ce kada a sauka ƙasa da 1.6. Kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Na biyu, irin wannan amfilifaya kusan rabin wutar da take sha zafi take komawa, shi ya sa ake ɗaure aisi a jikin farantin alminiyom mai haƙarƙari don iska ta kwashe zafin. Ni kuwa na ƙara mata kaya, na kuma toshe mata hanci.

Me ya sa ba ta mutu nan take ba? Wannan tambayar ta daɗe tana damuna, amsarta kuwa mai sauƙi ce. Kiran salla minti uku ne ko huɗu. Kafin farantin ya yi zafin da zai yi ɓarna, ladan ya gama ya kashe, ta huce har sa'o'i. Sau biyar a rana, fiye da shekara guda, tana zuwa bakin rami tana dawowa, ni kuma ina can ina ba abokan aiki labarin gwanintata.

Sai daminar 2020. Ba sai na tuna wa kowa a ɗakin nan abin da ya faru a watan Satumba na wannan shekara ba, yadda ruwa ya yi wa Hadejia ƙawanya, matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa, da abin da ya sami mutanen Auyo da Kirikasamma da Guri. Mun san kogin nan namu. Ruwan Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su gangaro mana, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyarsa ta sauya, ga kachala ta toshe hanyoyin da ya saba bi, idan ya zo da yawa sai ya nemi inda zai kwanta. A ƙauyenmu an yi jinga ta ƙasa a gefen arewa. Cikin dare ta fara tsatsa. Kawu ya ruga masallaci ya kunna na'ura, ya shiga kiran mutane unguwa-unguwa, yana maimaitawa ba ƙaƙƙautawa, da iyakar muryarsa. Bai kai minti goma sha biyar ba sauti ya fara shaƙewa, ya ɗauke, ya dawo, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Da ya taɓa akwatin sai ya ji ƙauri.

Dole aka koma bi gida-gida da tocila. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma mutanen unguwar yamma, waɗanda don su na ƙara ƙahonin, su ne labari ya isa wa a makare. Rumbuna sun tafi, awaki sun tafi, wata tsohuwa a kan ƙofar langa-langa aka fito da ita. Babu wanda ya ce mini laifina ne. Kawu cewa ya yi, "Ɗana, abin duniya ai mai lalacewa ne." Ni dai da na buɗe akwatin na ga aisi ɗaya ta tsage, na san abin da na gani.

Akwai wani abu kuma. TDA2003 ta gaskiya tana da kariya a cikinta, idan zafi ya yi yawa takan rage aiki da kanta maimakon ta ƙone. Da na kai wa maigidana mai gyara, ya juya ta a hannu ya kankare rubutun da farce, sai ga shi yana gogewa. Ya ce jabu ce. Kayan jabu sun yi yawa a wannan sana'a, musamman manyan taransistoci irin su 2N3055 da 2SC5200: jiki iri ɗaya, lamba iri ɗaya, amma ƙwayar da ke ciki ƙarama. Sai dai ban fake da wannan ba. Ko ta gaskiya ce, da ta yi shiru a daidai lokacin da ake bukatarta, kuma shirun ne ya cuce mu.

Da ruwa ya janye na sake aikin daga tushe. Tambayar farko da na yi wa kaina a wannan karon ita ce, awa nawa za ta iya yi tana magana ba a kashe ba, a ɗakin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu? Wannan ya kai ni ga sabon nau'in amfilifaya da ake kira ajin D. Maimakon taransista ta riƙa tare wuta tana sakinta kaɗan-kaɗan, wanda shi ke haifar da zafi, a wannan nau'in kunnawa da kashewa take yi sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa, sai kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar ya tafi ga lasifika. Na sayi haɗaɗɗen allo mai aisi TPA3116. Na san wasu za su ce wannan ai saye ne, ba haɗawa ba. Na yarda. Ƙafafun wannan aisi sun yi ƙanƙanta da yawa ga ƙarfen narka dalma irin nawa, kuma bayan abin da ya faru, burin nuna gwaninta ya fita daga raina.

Allon yana da hanya biyu, kowace na iya ɗaukar om 4, sai na ba kowace ƙaho biyu. Yana son wuta fiye da bolt 12 kafin ya nuna ƙarfinsa. Na so in jera batir biyu su ba da 24, sai na duba takardarsa na ga iyakarsa 26, alhali batir biyu idan sola na cika su sukan haura 28. Da na sake ƙona wata. Maimakon haka na sa ɗan allon da ke ɗaga wuta daga 12 zuwa 21. Karanta takardar nan ta minti goma ita ce abin da ban yi ba a karon farko.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Ƙaho ba ya son sauti mai kauri, yana yaga masa fatar ciki, don haka na sa kafasita da ke tare duk abin da ke ƙasa da kamar 300 a ma'aunin kaɗawar sauti, murya kuma ta ƙara fitowa tangaran. Na sa fis a bakin batir. Akwatin ƙarfe ne yanzu, da tagogi sama da ƙasa da aka rufe da ragar sauro, an rataye shi sama da kan mutum. An kuma yi doka cewa ba a cajin waya a batirin masallaci, dokar da ta fi duk aikin wahalar tabbatarwa.

Waya ma ta koya mini darasi. Mun mayar da ƙaho biyu kan turke a unguwar yamma, tazarar mita 50, zuwa da dawowa mita 100 ke nan. Siririyar wayar tagulla mai kaurin rabin milimita murabba'i tana da turjiyar om uku da rabi a wannan tsawo, wato kusan rabin ƙarfin a hanya zai zube. Da muka sa mai kauri ninki uku asarar ta ragu sosai. Wannan matsala ce ta sa amfilifayoyin masallatai na kamfanonin Ahuja da TOA suke da wurin jona waya da aka rubuta wa bolt 100: ana ɗaga ƙarfin wutar don ta yi tafiya mai nisa a siririyar waya, a sauke ta da ƙaramar taransifoma a gindin kowane ƙaho.

Kafin in miƙa ta, na kunna mata rediyo a gaban makirfo da tsakar rana, ta yi awa huɗu ina taɓa farantin lokaci-lokaci. Mutanen gari sun sha labarai ranar har sun gaji. Tsohuwar kuma na gyara ta da aisi na gaskiya, na ba ta ƙaho ɗaya nata, tana ajiye don ko ta kwana.

A daminar 2022 ruwa ya dawo. Kawu da wani yaro suka riƙa karɓa-karɓa a makirfo daga wajen ƙarfe ɗayan dare har asuba, suna faɗin inda jinga ke bukatar buhuna da inda mata da yara za su nufa. Gonakin shinkafa sun nutse, wannan babu na'urar da za ta hana. Amma an fitar da hatsi da dabbobi a kan lokaci, har na unguwar yamma.

Ranka ya daɗe shugaba, ga abin da ya sa na kawo wannan labari gaban ƙungiya. Na leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya jiya, na kuma yi magana da malamin da ke kula da shi. Ina ba da shawara cikin kuɗin da muka tara bana a sayi mita goma ta auna wuta, da ƙarfen narka dalma goma, da batir ɗaya da farantin sola. Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata in zauna da yaran da ke da sha'awa, mu fara da batir, ba za mu taɓa wutar gari ba sai hannunsu ya faɗa. Akwai masallatai da yawa a fadamar nan da ke da ƙaho huɗu ko shida a kan na'urar da ba wanda ya taɓa lissafa mata kaya, kuma ina so kafin damina mai zuwa yaran nan su zagaya da mita su auna su. Tsagaggiyar aisin nan tana aljihuna, duk mai son gani ya same ni bayan an tashi.