Jawabi Kan Ciwon Ido: Abin Da Ke Makantar Da Mutum A Baƙunta



Duk mutumin da ya baro garinsu a Arewa ya gangaro Kurmi neman abinci, da jari iri biyu ya zo, watau ƙarfin jikinsa da idanunsa. Direban da ke ɗauko shanu daga Fataskum zuwa Ikko, da mahaucin da ke fawa a Badun, da mai zaɓen goro a Shagamu, da ɗan canji, da tela, da mai gadin da ke kwana a ƙofar gidan wani a Fatakwal, babu ɗayansu da zai ƙara mako guda a bakin sana'arsa in ganinsa ya dushe. Baƙo kuma ba kamar ɗan gari ba ne. Wanda ya makance a garinsu yana da dangi, yana da gonar da 'ya'ya za su noma masa. Wanda ya makance a baƙunta kuwa, ko dai a yi masa karo-karon kuɗin mota a mai da shi gida, ko ya ƙare a bakin titi da ƙoƙo da ɗan jagora. Wanda ya taɓa leƙa Oko-Baba a Ebute-Metta ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Tsakanin 2005 da 2007 an zaga Nijeriya duka aka duba idanun mutum fiye da 13,000 waɗanda suka kai shekara 40 ko suka wuce. Aka tarar kimanin mutum 4 cikin kowane 100 makafi ne. A Arewa maso Gabas abin ya kai 6 cikin 100, alhali a ƙasar Yarbawa bai cika 3 ba. Abin da ya fi ban takaici shi ne, kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. Watau yawancin makafin nan ba su makance don an rasa magani ba. Jinkiri ne ya ci su, ko kuwa abin da aka zuba musu a ido da sunan magani.

Babbar mai makantarwa ita ce yanar ido, gama ita kaɗai ta ɗauki kashi 43 cikin ɗari. A cikin ƙwayar ido, bayan baƙin nan da ake gani, akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi wanda haske ke ratsawa. In shekaru suka ja sai ya soma yin fari, mutum ya riƙa ganin duniya kamar ana hazon hunturu, fitilar mota ta riƙa kashe masa ido da dare, a kwana a tashi har ya kasa bambanta fuskar ɗansa da ta maƙwabci. Babu ciwo a ciki, babu kuma maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da ita. Maganinta aiki ne, kuma yana cikin ayyuka mafi sauƙi da likita ke yi. Ana kashe zafin wurin, mutum yana farke, a cire abin da ya yi fari a sa na roba a gurbinsa, galibi cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba, kashegari a buɗe masa ido. Zancen da ake yi cewa likita yakan ciro idon ya ajiye a faranti, ko ya musanya shi da na akuya, tatsuniya ce. Ba kuma dole ba ne a jira sai yana ta rufe ido ruf. Da zarar ta hana mutum sana'arsa, lokacin aiki ya yi.

Amma fa da yawa ba su zuwa asibiti, sai su nemi masu kwantar da yana, waɗanda ke bin kasuwanni da zangon baƙi. Shi mai wannan aiki yakan soka tsinke ko allura a gefen ido ya tura yanar ta faɗa can ciki. Nan take haske ya shiga, mutum ya ƙirga yatsu, jama'a su yi kabbara, a biya, mai aiki ya naɗe jakarsa ya kama hanya. Bayan 'yan kwanaki ko watanni sai idon ya ɗauki zafi, ya yi ja, ya mutu, a lokacin kuwa ba wanda ya san garin da mai allurar ya nufa. Binciken da aka ambata ya nuna kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma kusan uku cikin huɗu na irin waɗannan idanu an same su a makance. Yanar da aka bari likita na iya cire ta ko bayan shekaru. Idon da aka soka kuwa sau da yawa ya fi ƙarfin likita.

Ta biyu ta fi yana sharri domin ba ta sallama. Ita ce gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba. Akwai wani ruwa da ido ke yi kullum yana malala ta wata 'yar kafa. In kafar ta toshe sai ruwan ya matse jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa, ta riƙa mutuwa kaɗan kaɗan. Daga gefe take soma ci, mutum yana ganin abin da ke gabansa sarai, amma ya riƙa tuntuɓe, ko babur ya fito masa daga hagu bai gan shi ba. Ga direba wannan hali ne na rai da mutuwa. Kimanin mutum 1 cikin 20 na 'yan Nijeriya da suka haura 40 yana da ita, mafi yawansu kuma ba su sani ba. Abin da ta ci ya tafi ke nan, sai dai a tsare sauran, da maganin ɗigawa kullum har iyakar rai, ko da aiki. Tana bin jini, saboda haka wanda mahaifinsa ko wansa ya makance alhali baƙin idonsa na nan garau ba yana, ya kamata ya je a auna masa. Akwai masu daina ɗiga magani in ya ƙare don ba su jin ciwo, akwai masu dainawa da azumi. Mai azumi ya gaya wa likita, a tsara masa lokacin ɗigawa da sahur da bayan shan ruwa.

Sa'an nan ga jan idon nan da kowa ya sani da suna Afolo. A ƙasar Gana ya ɓulla cikin 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a kan wata, shi ya sa sunan ya bi shi. Yana yaɗuwa ta hannu da tawul da ƙyalle, a inda mutum goma ke kwana ɗaki ɗaya kuwa kafin a ankara ya game kowa. Kallon mai shi ba ya sa a kamu. Yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu in an riƙa wanke hannu da sabulu ana share kwantsa da ruwa mai tsabta. Masifar tana zuwa ne daga magungunan gari: ruwan batir, ruwan albasa, ruwan sukari, nonon mai jego, har da fitsari. Fitsarin mai ciwon sanyi in ya shiga ido yana iya huda shi cikin 'yan kwanaki. Haka nan kuma magungunan ɗigawa da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, akwai masu wani sinadari da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan, sai mutum ya mai da su abokan zama. In aka daɗe ana ɗiga su sukan jawo gilakoma da yana, in kuwa akwai miki a kan baƙin ido sai su zurfafa shi ya zama hakiya. Kwalli ma a yi hattara da shi: wanda ake sayarwa a kasuwa yawancinsa da dalma a ciki, ita kuwa guba ce ga jarirai, kuma maciyin kwalli ɗaya da gida duka ke sha da shi yana ɗaukar cuta daga ido zuwa ido.

Sana'a ita ma tana da nata rabo. Mai walda da ya duƙa ba gilashi yakan tashi tsakar dare kamar an zuba masa yashi a ido, wannan ƙunar haske ce. Mai fasa dutse, da mai faskare, da mai wasa wuƙa a inji, tsinin ƙarfe ko na dutse ɗaya ya isa ya raba su da ido, alhali tabarau na aiki bai kai kuɗin abincin kwana biyu ba. Ɗan acaba yana shan ƙura da ƙwari dukan yini. In siminti ko farar ƙasa ko ruwan batir ya fantsama a ido, kada a tsaya neman mota: a buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na minti 20 tukuna, sa'an nan a nufi asibiti. In kuwa wani abu ne ya soki idon, kada a ja shi, kada a murza, a rufe da abin da ba zai danna ba a tafi a ranar.

Mai ciwon sukari ya sani cutar tana cin ƙananan jijiyoyin bayan ido a ɓoye, tilas ya kai idonsa a duba sau ɗaya a shekara ko da yana gani lafiya. Yara kuwa, ƙyanda da ƙarancin bitamin A su ne ke kawo musu dundumi da hakiya. A kai jariri rigakafin ƙyanda yana wata 9. Mazaunin Kurmi ya yi dace a nan, gama manja da ke ko'ina cike yake da abin da ido ke so, haka gwanda da mangwaro da zogale da hanta. Wanda ya fito daga ƙauyen bakin kogi mai gudu, inda ɗan baƙin ƙudan nan ke cizo, kada zaman birni ya sa ya tsallake maganin Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987. Da irin wannan naci ne Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da makantar kogi, cikin 2025.

Akwai kuma abin da ba cuta ba ne. Mutum in ya haura 40 yakan kasa zura zare a allura, ya riƙa nisanta takarda kafin ya karanta. Tsufan ido ne, tabarau ke gyara shi, kuma tabarau ba ya lalata ido yadda ake faɗa. Sai dai wanda ya saya a hannun masu talla cikin cunkoson motoci ya tsallake awon da zai tona gilakoma.

Yawancin 'yan Arewa in ido ya dame su sai su ce bari sai sun je gida da Sallah, a duba su a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda ke aiki tun 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wurare ne nagari, amma mikin ido da gilakoma ba su jiran Sallah. A Ikko akwai sashen ido na Guinness a Asibitin Koyarwa da ke Idi-Araba, ƙofa da ƙofa da unguwar Hausawa. A Badun akwai babban Asibitin Koyarwa, a Anaca ma akwai asibitin ido na Guinness. Abin da ke hana mutane shiga galibi harshe ne da tsoron layi da rashin sanin wanda za a tambaya. Wannan aiki ne da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai za su iya ɗauka: a keɓe saurayi ɗaya ko biyu masu jin Turanci da harshen gari, su riƙa raka dattawa ranar da ake ganin likitan ido, su riƙe musu katin asibiti, su tuna musu ranar komawa.