Mai Tsaron Ƙofar Zuciya

 An nemi mu yi magana a kan yadda Kirista zai tsare tunaninsa da zuciyarsa daga jaraba. Da yawa cikinmu nan da shekara biyu ko uku za mu zauna a bayan tebur, a ajiye fayil a gabanmu, wani kuwa yana tsaye yana jiran sa hannunmu. Duk sa'ad da aka ta da zancen cin hanci, hankalinmu yakan tafi ga lokacin da aka miƙo ambulan. Mu dai a ganinmu, kafin hannu ya karɓa an daɗe da gama ciniki can cikin zuci, wataƙila watanni kafin a san ko wane ne zai kawo ambulan ɗin.

Ku duba labarin Gehazi cikin sura ta 5 ta Littafin Sarakuna na Biyu. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya warke daga kuturta, ya kawo wa Annabi Elisha kyauta, Elisha ya ƙi karɓa. Gehazi baran annabi yana tsaye yana kallo kaya suka juya. Kafin ya ɗaga ƙafa, marubucin ya buɗe mana cikinsa, muka ji yana gaya wa kansa cewa maigidansa ya yi wa baƙon nan sauƙin da ya wuce kima. Watau ya fara samo hujja, sa'an nan ya sheƙa da gudu. Ya shirya ƙaryar cewa samari biyu sun sauka gidan annabi, ya roƙi talanti ɗaya na azurfa da riguna biyu, aka ba shi talanti biyu, ya kai gida ya ɓoye. Abin lura shi ne tambayar da Elisha ya yi masa, domin bayan kuɗi da riguna sai ya lissafa gonakin zaitun, da na inabi, da tumaki, da shanu, da barori maza da mata. Gehazi bai sayi ko ɗaya daga cikinsu ba tukuna. A fahimtarmu annabi ya karanto masa saƙar zucinsa ne, dukiyar da ya riga ya kashe a hanya. Wane ne cikinmu bai taɓa gina bene ya ajiye mota a ƙofarsa ba, alhali yana kwance a kan gadon ɗakin kwanan ɗalibai?

Waɗanda suka fi kowa nazarin wannan al'amari cikin tarihin Ikilisiya su ne masu zuhudun hamadar Masar, a ƙarni na 4. Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus, an haife shi wajen shekara ta 345 a ƙasar Fontus, cikin Turkiyya ta yau. Mai ilmi ne, mai iya magana, har ya zama dikin a birnin Kustantiniya, wanda yanzu ake kira Istanbul. Can ne zuciyarsa ta kamu da son matar wani babban mutum. Da ya ga inda abin zai kai shi sai ya gudu zuwa Urushalima, daga nan ya wuce Masar wajen shekara ta 383, ya zauna cikin hamada har ya rasu a 399. Ikilisiya ta ƙi waɗansu ra'ayoyinsa na tauhidi a ƙarni na 6, amma abin da ya rubuta game da tunani bai taɓa fita daga hannun masu bi ba. Ya kasa tunanin da ke damun ɗan Adam kashi 8: haɗamar ciki, sha'awar zina, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, ƙosawa, son yabo, da girman kai. Daga wannan jeri ne Fafaroma Giregori, wajen shekara ta 590, ya fitar da manyan zunubai bakwai da aka sani.

Ku lura da sunan da ya ba su. Tunani ya kira su. Ya koyar da cewa zuwansu ba ya hannunmu, abin da ke hannunmu shi ne ko za su daɗe, ko za su hura wutar sha'awa. Agustin, bishop na Hifo a ƙasar Aljeriya ta yau, da yake bayanin Wa'azin kan Dutse, ya kasa hanyar zunubi mataki uku: shawara ta zo, rai ya ji daɗinta, sa'an nan mutum ya yarda. Wannan magana tana da sauƙi ga mai tsoron Allah, tana kuma da nauyi. Sauƙinta shi ne, yarinyar da mugun tunani ya faɗo mata tana tsakiyar addu'a ba ta yi zunubi ba, kada ta zauna tana cin kanta. Ubangiji Yesu kansa ya ji shawarar Iblis sau uku cikin jeji bai kuwa ƙazantu ba. Nauyinta kuma shi ne, wanda ya yarda a zuci ya riga ya faɗi ko da dama ba ta samu ba. Akwai ma'aikata da yawa da ake yabo da gaskiya, alhali fayil mai tsoka ne bai taɓa biyowa ta teburinsu ba.

Ebagiriyus ya shawarci wani aboki ya zama mai gadin ƙofar zuciyarsa, ya riƙa tsai da kowane tunani yana tambayarsa ko na gida ne ko na abokan gaba. Ba sai an yi mana dogon bayani ba, mu da muka san ganuwar Kano da ta Zazzau. A dā Sarkin Ƙofa ba ya hana fatake bin hanya, ba shi da wannan iko, garin da ya toshe ƙofofinsa duka kuwa yunwa za ta kashe shi. Aikinsa ya san wanda ya shigo da abin da ya ɗauko, ya kuma rufe ƙofa idan dare ya yi. Tambayoyin ba su da wuya. Daga ina wannan tunani ya fito? In muka bi shi har ƙarshe, ina zai sauke mu? Za mu iya faɗinsa da ƙarfi a gaban mahaifiyarmu?

Kuskuren da masu himma suka fi yi shi ne kokawa da tunani gaba da gaba, suna cewa ba za su sake tuna abu kaza ba. A shekara ta 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya sa ɗalibai su yi minti 5 ba tare da sun tuna farin beyar ba, watau ƙatuwar dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, in kuwa ta faɗo musu su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗuwa. Da aka sake su kuma, sai suka fi waɗanda ba a hana ba yawan tunaninta. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna da dattawan Masar kafin ya koma Marsel ta ƙasar Faransa wajen shekara ta 415, ya riga ya gane haka. Ya kwatanta zuciya da dutsen niƙa wanda ruwa ke juyawa. Ba ya tsayawa, amma mai niƙa ne ke zaɓen abin da zai zuba, ko alkama ko ciyawa. Saboda haka Ebagiriyus ya tattara ayoyi kusan 500 ya jera su bisa tunani takwas ɗin nan, domin mai zuhudu ya sami abin mai da martani, yana koyi da Yesu wanda amsoshinsa uku cikin jeji duka daga Maimaitawar Shari'a ya ɗauko su. Wanda bai haddace kome ba da safe, da me zai amsa da rana? Mu kuma tambayi kanmu abin da wayar hannu take zuba wa dutsenmu daga sha ɗayan dare zuwa ƙarfe ɗaya.

Cikin takwas ɗin nan akwai ɗaya da ba a cika wa'azi a kansa ba, shi ne ƙosawa, wanda suka kira aljanin tsakar rana. Yakan zo tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana. Mai zuhudu sai ya ga rana ta ƙi tafiya, ya yi ta leƙen taga, ya tsani ɗakinsa da aikinsa, ya ga ba mai ƙaunarsa a wurin, ya tabbata cewa da a wani gari yake da ya fi haka amfani. Duk wanda ya taɓa zama a laburare ko a ofis cikin watan Afrilu ya san wannan baƙo. Haɗarinsa shi ne shi ke tsaga bango, sauran ƙadangaru su samu wurin shiga, gama mutumin da ya rena aikinsa ba ya jin nauyin sayar da shi. Maganin da dattawan suka bayar ba shi da armashi: ka zauna inda kake, ka gama abin da ke hannunka, su kuwa saƙar igiya da kwanduna suke yi da kaba. Suka ƙara da cewa mutum ya sami dattijo amintacce ya riƙa gaya masa tunaninsa tun bai zama aiki ba, domin abin da aka furta a gaban wani yakan rage girma.

Agustin yana da aboki ɗan garinsu, Alifiyus, wanda ya tafi Roma karatun shari'a. Wata rana abokansa suka ja shi da ƙarfi zuwa filin da ake sa mutane faɗa da takobi har a mutu. Ya ce musu jikinsa kaɗai za su iya kaiwa, ya zauna ya rufe ido. Kunne fa? Da wani ya faɗi, taro ya ɗauki ihu, sai ya buɗe ido don ya ga abin ya rena shi. Bai iya kau da kai ba. Ya koma gida da ƙishirwar jini, daga baya ma shi ke jan waɗansu. Agustin ya ce abin da ya kā da shi shi ne dogara ga ƙarfin kansa maimakon ga Allah. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya gwada ƙarfinsa ba, ya bar riga ya fita.

Wannan Alifiyus ɗin dai ya zama mai ba alƙali shawara a ofishin baitulmali a Roma. Wani ɗan majalisa mai ƙarfi ya nemi a yi masa abin da doka ta hana, ya yi alkawarin lada, Alifiyus ya ƙi; ya koma barazana, bai motsa ba. Alƙalin kansa ba ya so ya yarda, amma tsoro ya hana shi faɗi, sai ya ɗora wa Alifiyus laifin. Abu guda ne, in ji Agustin, ya kusa rinjayarsa a wannan aiki. Yana son littattafai, a zamanin kuwa da hannu ake kwafe su, sai ya yi tunanin ya sa a kwafe masa nasa a kan farashi mai rahusa da ake yi wa hukuma. Ba wanda zai tambaye shi, ikon yana hannunsa. Ya auna abin a zuci ya bar shi. An yi masa baftisma tare da Agustin a Milan a shekara ta 387, daga baya ya zama bishop na garinsu Tagaste.