Koren Zaitun da Abokan Zamansa a Bango

Jama'a da yawa kan ɗauki fenti koren zaitun a matsayin ɗan'uwan koren ganye, kuma daga nan ake tafka kuskure. Masu haɗa fenti sun san cewa idan aka ɗiga baƙi kaɗan cikin ruwan ɗorawa, koren zaitun ne ke fitowa. Ashe ke nan jininsa ya fi haɗuwa da launuka masu ɗumi: ruwan madara a silin, labule ruwan ƙasa, ƙofar katako, darduma mai ratsin jan ƙasa irin na tukunya. Amma a jera shi da fari ƙal, ko shuɗi mai haske, sai ya koma kamar bangon da ya sha datti. Shawarar masu ƙawata ɗaki ita ce babban launi ya ɗauki kashi 60, na biyu 30, na ado 10, kuma a ƙaramin falo kashi 30 ɗin nan ya ishi koren zaitun.

Wani zai ce ai launin kakin soja ne, kuma yana duhunta ɗaki. Maganar duhu gaskiya ce, don yana shanye haske, shi ya sa ɗakin da tagarsa ƙarama ce bango ɗaya kawai za a shafa wa. Kama da bariki kuwa, haɗa shi da ruwan toka ne ke jawo ta. Matashin kujera ruwan hoda ko ruwan goro yana kawar da ita. Sai a kula da ƙwan lantarki: farin nan mai lamba 6500K yana kashe launin, mai 2700K yana fito da ɗorawar da ke cikinsa.