Jawabi A Kan Dokar Killace Kayan Gona Da Abin Da Ya Shafe Mu 'Yan Kasuwa

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa mazauna wannan gari na Bauchi, muna yi muku barka da zuwa.

An ce mu yi bayani a kan dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, wadda ta kafa hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS. Dokar ta ba jami'anta ikon duba tsirrai, iri, dabbobi da kifi da ke shiga ƙasa ko fita. Suna iya tsare kaya, in kuma sun ga cuta ko ƙwaro su lalata su. Mai fitar da kaya waje kuwa sai da takardar shaidar lafiyarsu.

To, wani zai ce, ni da nake rumfa a kasuwar Muda Lawal, ina ruwana da iyakar ƙasa? Jama'a, ƙwaro ba ya yankar tikiti. A kwandonmu da buhunmu yake tafiya. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta shiga Sifen a 2006, ta gangaro har ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, sai da gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. Kowa ya tuna yadda miya ta koma a shekarar. Murar tsuntsaye ma, da ta ɓulla kusa da Jaji a 2006, ba ta daɗe ba ta iso jihar nan.

Amma inda maganar ta fi taɓa mu shi ne wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, saboda an sha samun maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima. Wane magani? Wannan dai fiya-fiya da ake yayyafa wa buhu don gudun ƙwaro. A 2016 aka ƙara wa hanin shekara 3, daga baya aka sake ƙarawa. Ku duba fa, waken da Bature ya ce ba zai ci ba, bai koma gona ba. Shi ake aunawa a mudu, a yi ƙosai da alale, 'ya'yanmu su ci. Wallahi wannan ya fi rashin kasuwar Turai ciwo.

Kuma akwai mafita, ba sai an sa guba ba. Buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, in wake ya bushe sosai aka ɗaure bakin kowace leda tam, ƙwaron iska yake rasawa ya mutu. Ya fi buhun gargajiya tsada, gaskiya ne, amma in bai huje ba ana sake amfani da shi baɗi.

Muna da ƙorafi, kuma dole a faɗa. Daga nan zuwa Kudu, direba zai tsaya a shinge bayan shinge, kowa da rasiɗinsa, ba wanda ya kwance buhu ɗaya ya duba. Wannan karɓar kuɗi ce kawai. Shawararmu ita ce shugabannin ƙungiya su gayyato jami'an hukumar su zo su zauna da mu, su nuna mana wace takarda doka ta sani da nawa ne kuɗinta, a rubuta a manna a kasuwa. Mu kuma dillalai da masu sito mu yi yarjejeniya tun kafin kaka, buhun da ke warin magani kada a saya.